Shekarar da Na Taɓa Ƙoƙon Aduwa

A cikin dukan ayyukan da ɗan Adam ya ɗora wa kansa a bayan ƙasa, ban san wanda ya kai ɗanɗana zuma kusanci da alƙalanci na gaskiya ba. Alƙali yakan ji shaidu bi da bi, amma maganar na farko tana nan maƙale a kunnensa sa'ad da na biyu yake magana. Mai ɗanɗana zuma kuwa dole ne ya wanke bakinsa daga shaidar da ta wuce, ya karɓi mai zuwa kamar bai taɓa jin zaƙi ba tunda aka haife shi, sannan ya yanke hukuncin da babu ɗaukaka ƙara a bayansa, domin kafin shekara ta zagayo an shanye shaidun duka. Na koya wa ƴaƴan mutane sunayen sarakunan da suka shuɗe da na kogunan da ban taɓa gani ba, har gashin kaina ya koma launin allin da ke hannuna. Amma ban taɓa tsayawa gaban wata kotu da ta yi mini kwarjini kamar tabarmar mahaifina ba, a ƙauyenmu da ke gabas da Kanan-Bakashe, da ƙoƙuna jere a kanta.

Saboda ku nake rubuta wannan, ƴaƴana. Kun tashi kuna jin ana ce muku ɗiyan Mushe Sani, malamin makarantar nan da alli ya kashe wa baki. Ke Rabi, kin taɓa dawowa daga bikin suna a ƙauye kina kuka, don ƴaƴan baffanku Isufu sun miƙa miki ɗanyar aduwa sun ce ki kai wa babanki alewa. Ban ce komai ba a ranar, kuma na ƙudura ba zan ce ba muddin Yaya Isufu yana numfashi. Bana da damina muka kai shi makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Yanzu babu wanda maganar za ta taɓa sai ni.

Kakanku, Malam Habu, yana da amyoyi rataye a itatuwa tun daga bayan gari har kusa da hanyar Attantane, wasu a gonarmu, wasu a gonakin mutane da yardarsu. Amya, ga ku da kuka girma a Maradi kuna zaton a buteli, wato kwalba, zuma take tsirowa, doguwar saƙa ce ta ciyawa da ake shafe ta da kashin shanu, a ɗaure ta a reshe, a jira ƙudan zuma su ga dama. Yawancin masu zuma tara abin da suka ɗebo suke yi wuri guda, su matse a tano ɗaya, wato ganga, su kai kasuwa. Kakanku yana ganin wannan kamar a tara mutanen gari ne a raɗa musu suna ɗaya. A wurinsa kowace amya da tulunta. A matse, a zuba, a liƙe baki da laka, a bar ta ta kwanta a ɗakin Inna har zafin bazara ya kama sosai, sannan a sa ranar ɗanɗano. Littattafan da na karanta daga baya sun ce ƙuda suna tafiya nesa, ba ruwansu da itacen da aka rataye gidansu. Mai yiwuwa haka ne. Amma wanda ya rubuta bai zauna a tabarmar nan ba. Ta gawo fara ce, mai sanyin shiga, sai ta wuce maƙogwaro sannan ƙamshinta ya dawo ta hanci, kamar baƙon da ya yi sallama ya komo ɗaukar sandarsa. Ta magarya ja ce mai kauri, zaƙinta yana shigowa gaba ɗaya da ƙarfi, ya tafi da wuri. Ta aduwa tana farawa lafiya ƙalau, ta ƙare da ɗaci da maƙaƙi a can ƙasan maƙoshi. Wadda aka rataye kusa da itacen dogon yaro kuwa ba a ma wahalar kawo ta zaure.

A cikin tulunan nan guda ɗaya tak Baba yake zaɓa, ita ce zumar gida. Ba a sayar da ita. Ita ake ba mai jego da marar lafiya, da ita ake buɗa-baki, ita ake fito wa baƙon da ya cancanta da ita. Sauran a kai kasuwa. Kuma wanda ke zaɓen zumar gida shi ne mai amyoyin, shi masu gonaki suka sani, ƙofarsa ake zuwa. Baba ya karɓa daga nasa uban ne ranar da bakinsu ya zo ɗaya a kan ƙoƙo ɗaya, ba don shi ne babba ba. Wani abokin aikina da ya yi karatu a waje ya taɓa ba ni labarin cewa a Amirka akwai masu barasa da ke yin kusan haka: su bi tanonin itace ɗaya bayan ɗaya suna kurɓa, kowace da halinta ko da rana ɗaya aka zuba su, mutum ya zaɓi guda ya sa a rubuta sunansa a jiki. Da na kai wa Baba labarin, sai ya ce:

"Allah ya shirye su. Amma ka gani, ko su ba su garwaya ba."

Mu biyu ne maza a gidan. Shekarar da mai gari ya ce kowane gida a unguwarmu sai ya ba da yaro ɗaya lekwal, wato makarantar boko, Baba ya dube mu. Isufu ya riga ya iya hawan gawo ƙaya ba ta taɓa shi ba. Ni kuwa ko ƙugin ƙuda na ji sai na nemi bayan zanen Inna. Lissafin bai ɗauki Baba lokaci ba. Haka na zama mushe, ba don an ga hasken ilimi a goshina ba, sai don an ga ba za a yi asarar komai a kan itace ba in na tafi. Abu ɗaya ne ya rage tsakanina da shi. In na zo bakansi, wato hutun makaranta, wani lokaci yakan tsoma tsinke a ƙoƙo ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. In lasa, in faɗi itacen, har in ce wannan hayaƙi ya kama ta wajen ɗiba. Ba ya cewa na yi daidai. Gyaran murya kawai yake yi, can ƙasa. Na karɓi takardun shaida masu hatimi a rayuwata, babu wadda ta kai wannan gyaran murya.

Shekarar da nake ba ku labari ina koyarwa a Hawandawaki. Daminar da ta gabata Baba ya sha wani zazzaɓi mai tsanani, ya tashi, amma ya tashi da rabin jikinsa na da. Da bazara ta kama sai ga saƙo ta bakin wani mai amalanke: in zo ɗanɗano, bana zai miƙa amyoyi. Na iso da azahar, ƙafafuna cike da rairayin hanya. Aka kawo tuwo da miyar kuka. Baba ya kai loma ɗaya ya ture akushin.

"Yau ma gishiri ya yi tsada a gidan nan?"

Inna ta amsa daga bayan danga: "Na sa, Malam."

"Kin dai nuna mata shi daga nesa."

Na ɗauka faɗan tsofaffi ne, irin wanda ba ya neman dalili. Na ci tuwona, na sha ruwa da yawa, na fita neman yayana.

Na same shi bayan gida, ƙarƙashin bagaruwa, yana saƙa sabuwar amya. Bai ɗago ba.

"Mushe, an iso? Yaya alli?"

"Yana gaishe ka, Yaya. Ya ce har yanzu yana jiranka."

"Ya yi ta jira." Ya ja ciyawa ya matse da haƙori. "Ka san abin da tsoho ya kira ka?"

"Na ji."

"To zamna ka ji nawa. Ni ba ni da bakinka. Na sani, ka sani, shi ma ya sani. Ni in na lasa, mai zaƙi da marar zaƙi na sani, shi ke nan." Ya miƙo mini hannuwansa biyu. Yatsun sun yi kauri, fatar duk tabon harbi, ta zama kamar bayan itace. "Wanga hannu na hau ma Baba da shi, don ubana ne. Amma in gobe ya ce kai ne, ba ni hawan icce in sauko ma ƙanena da zuma, shi yana bisa tabarma da farar riga yana lumshe ido. Ba hushi ba ne, Sani. Iyalina zan ɗauka in yi Agadas, can ba a san ni da ƙane ba."

"Haba Yaya. Ai ko ni ne, tare za mu yi."

"Tare? Kai lasa, ni harbi?"

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma na san yayana. Bai taɓa faɗin zai yi abu sau biyu ba. Kuma na san abin da tafiyarsa take nufi: tsoho marar lafiya, tsohuwa, gonar da babu mai riƙe mata hauya, da amyoyin da mai su ke tsoron ƙuda.

Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi don ina da albashi. Ba amyoyin nake so ba. So nake, sau ɗaya a rayuwata, a gaban mutane, mutumin nan da ya dube ni ya ga wanda za a iya bayarwa ya buɗe baki ya ce wannan nawa ne, bakina ne a bakinsa. Na kai shekarun da mutum ke jin kunyar son irin wannan abu, amma jin kunyar bai rage son ba.

Ana yin ɗanɗano ne da safe, bayan an dawo masallaci, kafin komai ya taɓa baki. Tun jajibiri ba goro, ba barkono. Inna ce take zubawa daga tuluna a ɗakinta, ita kaɗai ta san wane ƙoƙo ya fito daga wace amya. Kowane ƙoƙo da sabon tsinkensa. Tsakanin lasa da lasa a kurɓi ruwan randa, a tauna ɗan ɗanyen gero, a jira baki ya manta. A zauren akwai maƙwabta kaɗan da suka zo kallo, akwai kuma Hardo Buba, Bafillacen da suka yi abota da Baba tun suna samari, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu da rani. Shi shaida ne kawai. Da kansa yakan ce bakinsa na nono ne, duk zuma ɗaya ce gare shi in ba ta cije shi ba.

A al'ada Baba ne ke fara lasa, ya faɗi abin da ya ji, mu saurara. Ranar nan sai ya gyara zama ya ce:

"Bana ku za ku fara. Ƙarami ya nuna, babba ya nuna, sannan ni."

Na bi ƙoƙunan ɗaya bayan ɗaya. Akwai wadda hayaƙi ya ɓata, akwai masu kyau ba yabo ba fallasa, akwai ja ta magarya mai cika baki, akwai ta aduwa da ɗacinta a ƙarshe. Sai na zo kan wani ƙoƙo mai ɗan tsagu a baki. Ƴaƴana, na sha zuma kafin ranar nan, na sha bayanta, ban sake gamuwa da irinta ba. Ta tsohon gawon nan ce na bakin rijiyar da ta rufta. Ta shiga shiru, kamar ba ta da abin faɗi. Na haɗiye, na jira, sai ga ta ta dawo: furen gawo da sanyin safiya, wani ɗan gardi kamar na gyaɗar da aka soya aka bari ta huce, kuma ba ta tafi ba har na kai hannu ga ruwa, na ji ba na son in kurɓa. Babu wata shakka a ciki. Ko a cikin barci aka ɗiga mini ita da na farka na nuna ta. Na ɗago ido, na ga yayana yana kallon ƙofar zaure, ba ya kallon kowa, hannuwan nan nasa a kan gwiwa.

"To, Sani?" in ji Baba.

Wanda ya daɗe yana gyaran dikte, wato shiftar ɗalibai, ya san cewa in za ka faɗi jarrabawa da gangan, kada ka tsaya rabi, don rabin kuskurenka yana iya fin daidan wani. Na miƙa hannu, na wuce ƙoƙo mai tsagu kamar yadda ake wuce ɗan'uwa a kasuwa a yi kamar ba a gan shi ba, na taɓa na aduwa.

"Wannan, Baba."

Hardo Buba ya ja tsinke ya tsoma ya lasa. Ya yamutsa fuska, ya nemi inda zai tofar.

"Kai! Wannan ko ni ta cije ni! Mushe, alli ya kashe ma baki!"

Zaure ya ɗauki dariya. Daga nan sunan ya fito, daga bakin mutumin da yake ƙaunata, kuma bai kai la'asar ba sai da ya zagaye gari.

Aka zo kan Isufu. Ya lasa, ya sake lasa, gumi yana zubo masa. Na riƙa roƙo a zuciyata hannunsa ya je inda ya kamata. Sai ya taɓa ja ta magarya. Shi ma ya kuskure. Yanzu Baba zai nuna mai tsagu, ya ce duk cikinmu babu mai bakinsa, ƙaryata ta tashi a banza, na rasa, yayana ya rasa.

Baba ya bi ƙoƙunan a hankali, yana kurɓar ruwa, yana taunar gero, yana lumshe ido yadda ya saba. Da ya zo kan mai tsagu ya daɗe, tsinken yana bakinsa. Sannan ya ajiye, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙoƙon da Isufu ya taɓa.

"Wannan ce zumar gida."

Aka yi fatiha. Kafin a tashi Baba ya juyo ya dube ni, kallo mai tsawo.

Bai ga wani ɗanɗanon ba. Da kaka muka rufe shi. Tulun gawon nan kuwa ya bi sauran zuwa kasuwa, wani ɗan kasuwa daga Tasawa ya saye shi, a gaban idona ya juye shi cikin tano tare da na kowa. Yaya Isufu bai je Agadas ba. Ya riƙe gida, ya riƙe Inna, ya aurar da ƴaƴansa a ƙofar da aka haife shi, kuma kowace bazara yakan zaɓi zumar gida, kusan kullum wadda ta fi ja ta fi zaƙi. Yakan gayyace ni. In zauna cikin ƴan kallo, wani ya miƙo mini mai ɗaci ya ce ga taka, Mushe, a yi dariya, in yi tare da su. Ko a ciwonsa na ƙarshe, da ɗansa ya kawo masa ta bana, Yaya ya tsoma tsinke ya miƙo mini.

"Lasa, Mushe, ko Allah ya sa bakin ya farfaɗo."

Hayaƙi ya kama ta sosai. Na ce, "Da daɗi, Yaya." Ya ce, "Ka gani? Da sauran rai."

Za ku tambaya da me na jure duk wannan. Da kallon nan na jure. Na zauna na yi masa fassara yadda ake yi wa nassi mai wuya, na kuma gamsu da fassarata. Baba ya daɗe a kan mai tsagu, ke nan ya gane ta. Ya san ba zai yiwu yaron da yake yi wa gyaran murya ya ɗauki aduwa a matsayin gawo ba, ke nan ya gane abin da na yi. Sai shi ma ya wuce ta, ya bi sawuna. Mu biyu, uba da ɗa, muka yi ƙarya ɗaya a kan tabarma ɗaya saboda mutum ɗaya. Ashe bakinmu ya zo ɗaya ke nan, ta hanyar da ta fi ta ƙoƙo daraja. Na gina ɗaki a kan wannan tunani na zauna a ciki. A Hawandawaki, a Mayahi, a duk ƙauyen da aka jefa ni, ranar da inspekta ya tsallake sunana wajen ƙarin girma ko wani ya tuna mini alli da baki, sai in shiga ɗakin nan in rufe ƙofa.

To, ku sani dai bakin ubanku lafiyarsa ƙalau, kuma ya san aduwa ya san gawo. Da a nan zan tsaya, da babin ya yi kyau. Amma wanda ya yi rayuwarsa yana jan layi ƙarƙashin kuskuren ƴaƴan mutane bai kamata ya ɓoye nasa gyaran ba.

Shekaru da yawa bayan haka, Inna ta tsufa har idonta ya fara dushewa, na je gaishe ta da hantsi na same ta ita kaɗai a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ban san abin da ya taɓa ni ba, na ji ina son mutum ɗaya a duniya ya sani kafin a rasa mai sani. Na zauna na kwashe labarin duka na gaya mata, har da kallon, har da fassarar. Ba ta daina ɓara ba. Kun san ba ta taɓa kiran sunan Isufu ba, ɗan fari ne.

"Wahala ka ba kanka," ta ce. "Tun a ɗaki ya gaya mini, ƙoƙon da yayanka ya taɓa shi za ya taɓa, ko da ruwan kanwa na zuba a ciki. Ko ka nuna wacce."

Na ji maganar ta soke ni, amma na ga ɗakina yana nan tsaye.

"To ai shi ne nake faɗi, Inna. Ya san ta gawo ce ta fi, ya bar ta da saninsa, kamar yadda na bar ta. Na gani a idonsa."

Ta hure ɓawo daga tafin hannunta, ta zuba gyaɗar a ƙwarya.

"Ya san mi? Tun zazzaɓin daminar nan babanku ko gishiri ba ya ji."